Ranar da Inna Tabawa Ta Sake Yin Guɗa

Wata rana da hantsi, a tsakiyar damina, wata ungozoma ta shiga ɗakin masu jego riƙe da allura, ta tarar da gado wayam.

Babu mai jego. Babu jariri. Ko zanen goyo ba a bari ba.

Sunanta Sista Zulai. Duk macen da ta taɓa haihuwa a ƙaramin asibitin garin nan, wanda ba sai na kama sunansa ba, ta san ta. Gajeriya ce, ga faɗa kamar ta ari baki. Amma matan da suka fi zaginta a kan gadon haihuwa, su ne ke fara aiko mata da naman suna.

Ta juya wajen matar da ke gadon kusa, ta ce, "Ina Ayashe?"

Matar ta ce, "Ai uwarta ta kwashe su tun da aka buɗe ƙofa. Ta ce wankan jego ba ya jira."

Gaban Sista Zulai ya faɗi.

Bari in tsaya nan in yi muku bayani, don na san wasunku sun fara cewa, to mene ne abin faɗuwar gaba don mai jego ta tafi gida?

Bayan A da B da O da kuka sani a rukunin jini, akwai wata alama a gefe: ko fozitif, ko negetif. Yawancinmu fozitif ne. 'Yan kaɗan ne negetif. Ba ciwo ba ne, ba aibu ba ne, halitta ce kamar tsawo da gajarta.

Matsalar tana zuwa ne idan uwa negetif ce, ɗan cikinta kuma ya ɗauko fozitif daga ubansa.

Wajen haihuwa, ɗigon jinin jariri kan ratsa cikin na uwa. Jikinta ya ga baƙon jini, sai ya ɗaura ɗamarar yaƙi, kuma ba ya mantuwa.

Ɗan fari ya riga ya fito, ya tsira.

Amma duk wanda ya biyo baya da irin wannan jinin, jikin uwar da ke ɗauke da shi ne zai iya far masa tun yana ciki.

Akwai allurar da ke hana jiki ɗaura wannan ɗamarar. Ana ce mata Anti-D. Sai dai tana da wa'adi, ana so a yi ta cikin kwana uku da haihuwa.

Ayashe negetif ce. Cikin fari ne, kuma saboda kunyar cikin fari sai da ya tsufa sosai ta fara zuwa awo. Ranar Litinin ta haifi santalelen namiji. Aka aika jininsa babban asibiti, sakamako ya dawo Talata da safe: fozitif.

Allurar ma tana nan, mijinta ya tanade ta tun kafin naƙuda, tana cikin firij.

Mai allurar ce babu.

Sista Zulai ta kira mijin. Sunansa Isuhu, direban tirela ne, yana can kan hanyar kudu da lodin albasa.

Ya ce, "Sista, don Allah ki rufa mini asiri. Surukata ce fa. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita, ta yaya zan ce mata ta dawo da 'yarta? Wai an gaya mata allurar hana haihuwa za ku yi wa yarinyar."

Kun ji fa.

Allurar da aka yi don haihuwa ta ɗore, ita aka sa wa sunan mai hana haihuwa. Wanda ya fara yaɗa wannan magana, Allah ya shirye shi.

Ƙauyen su Ayashe yana ƙetaren gulbi. Ranar kuwa tun azahar sama ta ɓalle da ruwa, gulbi ya cika ya batse, masu kwale-kwale suka ɗaure jiragensu.

Talata ta wuce.

Abokiyar aikinta ta ga tana ta kai-komo tsakanin firij da taga, ta ce, "Zulai, ke kika kore ta? Da ƙafarta ta tafi. Kin yi iyakar naki."

Amma Sista Zulai ta ci gaba da kai-komonta.

Ita ta san abin da ta gani a ɗakin nan. Ta karɓi jarirai na biyu da na uku da suka fito a kumbure. Ta ga waɗanda suka fito lafiya ƙalau, kafin kwana biyu idanunsu suka koma ruwan ɗorawa. Ta san yadda uwa ke kallon ungozoma idan ɗa bai yi kuka ba.

Ta kuma san cewa idan ta bari wa'adin nan ya wuce, wata rana Ayashe za ta iya dawowa gadon nan da ciki na biyu, kuma ita ce za ta karɓi abin da zai fito.

Laraba da safe ta miƙa aiki ga abokiyarta. Ta ɗauko kula, ta jera ƙanƙara, ta naɗe allurar da tsumma mai tsabta ta sa a ciki, don maganin ba ya son zafi. Ta rataya, ta tare ɗan acaba.

Hanya duk taɓo. Sau biyu tana sauka tana tura babur da farin takalminta na aiki.

Suka iso bakin gulbi, ruwa ya ɗan ja, masu kwale-kwale sun koma aiki.

Ga wani sirri da matan garin ba su sani ba: Sista Zulai, wadda kowa ke tsoro, tana tsoron ruwa.

Ta shiga kwale-kwalen nan ta ƙanƙame kula a ƙirji, ta runtse ido. Duk addu'ar da ta sani sai da ta karanta. Mai tuƙin jirgin ya rantse ya ji har da ta cin abinci.

Ta dai ƙetare.

Ba ta sha wahalar gane gidan ba. Hayaƙi na tashi, ga ƙatuwar tukunya a kan murhu ruwa na tafasa, ga ganyen darbejiya an jibge a gefe, ga ƙamshin kunun kanwa.

Ta yi sallama.

Wata dattijuwa doguwa siririya ta fito daga ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa bango da hannu ɗaya ta tare hanya. Ita ce Inna Tabawa, mahaifiyar Ayashe.

Ta amsa sallama, ta kalli kula, ta kalli taɓon da ke ƙafar baƙuwar.

Ta ce, "Likita, sannu da hanya. Ruwa za mu ba ki, fura za mu dama miki. Amma abin da ke cikin kular nan ba zai taɓa jikin 'yata ba."

Sista Zulai ta ce, "Inna, ba ta hana haihuwa ba ce."

"Haka kuke cewa. Yarinya ta haihu lafiya, ɗa lafiya, tana cin tuwonta. Allurar mece ce kuma? Da kunnena na ji kin ce saboda haihuwa ta gaba. Ita kaɗai ce mace da Allah ya bar mini. Ba zan zauna ina kallo a tsayar mata da haihuwa ba."

Faɗa ya taso wa Sista Zulai har maƙogwaro. Da a asibiti ne, da tuni an ji muryarta a bakin titi.

Amma wata magana ta tsaya mata a rai.

"Da Allah ya bar mini."

Ta tuna sunan mai jegon. A ƙasar Hausa ba haka kawai ake kiran yarinya Ayashe ba. Suna ne da ake sa wa ɗiyar da aka samu bayan an yi ta binne 'ya'ya, a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko ta tsaya.

Sai ta haɗiye faɗan. Ta jawo turmi ta kifa, ta zauna a kai, ta ɗora kula a cinya.

Ta ce, "Inna, kafin Ayashe, nawa kika rasa?"

Inna Tabawa ta ɗauke kai.

Can ta ce, "Na fari ya tsaya, Garba, yana nan yana noma. Bayansa huɗu. Babu wanda ya kai ranar suna. Da na haifi wannan, a kan juji aka kwantar da ita, wata maƙwabciya ta ɗauko ta kamar tsintuwa ta yi. Shi ya sa ta tsaya."

Sista Zulai ta sassauta murya.

"Inna, waɗanda suka tafi ɗin nan. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai idanunsu su koma ɗorawa? Jiki ya yi rawaya har tafin ƙafa? Su ƙi kama nono, su yi ta wani irin kuka mai tsini, suna banƙarewa?"

Hannun Inna Tabawa ya sauko daga jikin bango.

"Wa ya gaya miki?"

"Babu kowa."

"Ko Ayashe ban taɓa gaya wa ba. 'Yar nan, ni mai wabi ce. Haka aka ce, haka na karɓa."

"Inna, rai na Allah ne. Amma ba hannunki ba ne, ba nononki ba ne, ba bakin kowa ba ne. Jini ne. Kuma abin da ya rasa zuwa gare ki a lokacinki, shi ne na ƙetaro gulbi da shi yau."



Ruwa na ta tafasa a tukunya.

Inna Tabawa ta sulale ta zauna a dokin ƙofa. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Hawaye ne kawai ke bin kumatunta, ba ta ko share ba.

Ashe matar nan ta sha wuya a garin nan.

An ce nononta ne mai guba, aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. An ce iska ce ta aure ta. Wasu a bayan ido har maita suka jefe ta da ita. In ta shiga gidan barka, sai ta ga mai jego ta jawo jaririnta ta rufe da mayafi.

Ita kuwa a da, ita ce mai guɗar garin. Ba a kai amarya, ba a raɗa suna, sai an ji muryar Tabawa ta tsaga gari. Tun ranar da aka fita da na huɗun a cikin 'yar tabarma, ba a sake jin ta ba. Ko ranar auren Ayashe, wata aka ɗauko ta yi.

Sista Zulai ta bar ta ta huce, sannan ta yi mata bayani dalla-dalla, irin wanda na yi muku.

Ta ce, "Ban gwada jininki ba tukuna, amma alamu sun nuna irin na Ayashe ne. Garba ya tsira don shi ne na fari. Ayashe kuma, ina kyautata zaton ta tsira ne don jininku ɗaya, jikinki bai ɗauke ta baƙuwa ba. Ba juji ne ya tsayar da ita ba."

Inna Tabawa ta ce, "To wannan jaririn fa?"

"Shi ya tsallake, lafiyarsa ƙalau. Ƙannensa nake jiye wa."

Duk wannan magana, mai jegon tana ciki tana ji.

Kun san mai haihuwar fari da kunya. Ko kallon ɗanta ba ta yi a gaban mutane, balle ta sa baki a maganar haihuwa gaban uwarta.

Sai ga labule ya motsa.

Ayashe ta fito tana dafa bango, kanta a sunkuye. Ta durƙusa kusa da uwarta.

Murya can ƙasa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ina so a yi mini."

Inna Tabawa ta dube ta, ta dubi kula.

Ta miƙe, ta ɗage labule da hannunta, ta ce, "Shigo, likita. Yi bismilla."

Allurar da aka sha taɓo da gulbi dominta, ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba.

Sista Zulai ta duba idon jariri a hasken rana, ta ga fari tas. Ta leƙa tukunyar wanka, faɗan da ta haɗiye ɗazu ya samu ƙofa.

"Wannan ruwan mutum za a yi wa wanka da shi ko kaza za a fige? A sirka shi! Kunun nan kuma a rage masa kanwa!"

Inna Tabawa ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, "Ashe dai gaskiya ne da ake cewa kina da faɗa."

Sista Zulai ta koma gida da ƙwaryar fura da ƙwan zabi. A kwale-kwale kuma ta sake karanto addu'o'inta daga farko.

Bayan arba'in, Inna Tabawa ta zo asibiti da ƙafarta ta miƙa hannu a gwada ta.

Negetif.

Ta ce a sake faɗa mata. Aka sake. Ta gyaɗa kai, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban ci 'ya'yana ba."

Wallahi ko ni da nake rubuta wannan, sai da na ajiye waya na share ido.

Shekara biyu da wani abu suka wuce.

Ayashe ta sake samun ciki. Wannan karon tun bai fito ba Inna Tabawa ta tasa ta gaba zuwa awo. Da ya kai wata bakwai, ita ta tuna wa Sista Zulai cewa akwai allurar da ake yi kafin haihuwa.

Sista Zulai ta ce, "Inna, ko dai in ba ki farar rigar ne ki karɓi aikin?"

Amma a ƙasan wasan, duk su biyun sun san abin da suke jira. Ciki na biyu shi ne inda na Inna Tabawa ya fara lalacewa.

Ranar haihuwa ta zo. Mace aka samu, ta fito da kuka kamar za ta tsaga rufin ɗakin.

Aka gwada jininta: fozitif, irin na ubanta.

Irin jinin da ake tsoro ke nan.

Matar da a da ta kwashe mai jego tun kafin a gama shara, yanzu ta shimfiɗa tabarma a gefen gado ta ce ko za a kira mata 'yan sanda ba inda za ta sai an yi wa 'yarta allura. Aka yi.

Duk da haka ba ta tafi ba.

Da gari ya waye ta ɗauki jaririyar ta kai bakin taga, ta buɗe mata ido da yatsa a hankali.

Fari.

Washegari ta sake kai ta.

Fari.

Jaririya tana kama nono kamar ta shekara tana yi.

Sista Zulai ta duba ta sosai, ta ce, "Inna, ku tafi gida. Ku je ku shirya suna."

Inna Tabawa ta ce, "Sai in kin yi alkawarin za ki zo."

"Gulbin nan dai?"

"Rani ne, likita. Da ƙafa ake ƙetarewa."

Ranar suna Sista Zulai ta je. Gida ya cika da mata, ana ta tuƙa tuwo, maza na ƙofar gida an yanka rago. Babu wanda ya kwantar da kowa a kan juji.

Tana zaune a kan tabarma da jaririya a hannu, sai sanarwa ta shigo daga waje, an raɗa suna: Bara'atu.

Matar da aka saba ɗaukowa don guɗa ta gyara tsayuwa, ta kai hannu hanci.

Inna Tabawa ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Bari."

Ta taka zuwa tsakar gida. Ta gyara ɗaurin zane. Ta kama hanci, ta ɗaga kai sama.

Da farko muryar ta fito a dishe, ta karye a tsakiya, don ta daɗe a ajiye.

Ta ja numfashi, ta sake.

Wannan karon ta tafi, doguwa, siririya, ta haye katanga ta ratsa gari har bakin gulbi.

Tsofaffin da ke ƙofar gida suka daina magana. Wani dattijo ya ɗago kai ya ce, "Kai! Wannan ai Tabawa ce."

Sista Zulai mai faɗa ta sunkuyar da kai tana gyara wa Bara'atu hula, wai don kada a ga idonta.

An gani.

Darasi:

Ba duk macen da ake kira mai wabi ce aka san abin da ya same ta ba. Wata jini ne, kuma yau akwai abin yi tun kafin a kai ga binnewa.

'Yar'uwa, ki san rukunin jininki tun kafin ciki. In negetif ce ke, ki fara awo da wuri, ki tambayi ungozoma maganar Anti-D da bakinki. Ba bayan haihuwa kaɗai ba, har bayan ɓari ko zubar jini da ciki, kuma kowane ciki da tasa allurar. Ba ta hana haihuwa. Ƙannen ɗanki take karewa.

Maigida, kunyar suruka tana da kyau, amma kada ta kai ka ga yin shiru a kan ran 'ya'yanka.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, tsohuwar da ta tare muku ƙofa ba lallai taurin kai ba ne. Wata tsoro ne ya tsayar da ita, kuma tana da dalili. Ku zauna ku tambaye ta nawa ta rasa.

In kin san wata mai ciki, ko wata uwa da aka daɗe ana nuna ta da baki, tura mata wannan yau. Ku yaɗa shi har ya ƙetare gulbi.